Tankar Robar Kofur

Bana ma ruwa ya yi mana irin halin nasa. Ya sauka sau uku a jere, mutane suka zuba iri, gero ya fito ya kai tsawon ɗan yatsa, sai sama ta ɗauke cak. Yau kwana goma sha shida ke nan a Birnin Kudu ba a ga ɗigo ba. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta watsa mana shanya, muna cewa to ga shi nan, sai ya baje ya bar mu da zufa. 'Yata Ladi, wadda nake zaune a gidanta tun rasuwar mahaifinta, sai ta duba waya ta ce mini wai gobe za a yi ruwa. Na ce mata ita wayar a wace gona take noma?

Jiya ta ce bari ta gyara mini ɗaki kafin ruwan wayar tata ya iso, don akwai inda kwano ke yoyo. Tana janye kayana daga ƙarƙashin gado sai ta buɗe wata tsohuwar kwalla, ta ɗaga abin da ke ciki da yatsu biyu.

"Umma, ashe har yanzu abin nan yana nan?"

'Yar tankar yaƙi ce ta roba, koriya, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Hancin bindigarta ya sunkuya ƙasa, gefe guda ya lotsa. Ina ganinta, ga kuma wannan zafi da ya hana kowa sakat, sai na ji kamar an ɗauke ni an mayar da ni ƙauyenmu na bayan Basirka, a ƙasar Gwaram, a wata damina da ta wuce shekara talatin, lokacin ita Ladin tana goye a bayana.

Sunan maigidana ba zai fito daga bakina ba, ko yanzu da ƙasa ta rufe shi. Mutanen ƙauye Kofur suke ce masa, ni ma haka zan ce. Soja ne. Ina da cikin Ladi aka kwashe su zuwa wata ƙasa da ake yaƙi, can bakin teku, sunan ƙasar ma har yau ban riƙe shi daidai ba. Ya bar ni a gidansu tare da mahaifinsa da mahaifiyarsa, Baba da Inna. Sai da yarinya ta fara rarrafe sannan ya dawo, cikin bazara, an sallame shi daga aiki, kunnensa na hagu ba ya ji. Ni da na zauna ina lissafin atamfa da sabulu mai ƙamshi, abin da ya sauko da shi daga mota akwatin ƙarfe ne da bargo da wani kwali mai hoton tanka tana aman wuta.

Inna ta zaci biskit ne. Da ya buɗe kwalin a tsakar gida duk muka leƙa, sai muka ga wasu 'yan robobi ƙanana birjik, manne a jikin sandunan roba, wasu ba su kai ƙwayar wake ba. Ga wata takarda mai zane-zane da lambobi, ga ɗan bututun gam.

Baba ya ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Tanka ce."

"To ina tankar?"

"Sai an haɗa."

Baba ya dube ni, na dubi Inna, Inna ta dubi sama. Muka ce gajiyar hanya ce, a bar shi ya huta.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Ba na manta ƙamshin ƙasar nan, har Ladi sai da ta dumbuza ta kai baki. Gari na wayewa kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Baba ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Kai, tashi mu je, ƙasa ta jiƙu." Kofur ya ɗago ya ce, "Baba, sai na gama." Cikin ladabi ya faɗa, har da russunawa. Haka muka tafi mu uku. Baba yana sara da sungumi, bayansa na ciwo, kowane taku goma sai ya tsaya ya dafa ƙugu. Ni da Inna muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Gonar da namiji mai ƙarfi zai shuke a kwana biyu, kwana biyar muka yi a kanta.

Shi kuwa ga yadda yake yi. Yana idar da sallar asuba zai shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Zai ɗauko faifaina, sabon ma, wanda na ajiye don baƙi. Ya karɓe matsefatar da Baba ke cire ƙaya da ita, ya samo reza. Sai ya ƙura wa takardar nan ido tsawon lokacin da za a dama kunu a sha. Sannan ya nemo roba guda, ya yanke ta daga jikin sandarta, ya kankare bakin yankan har ya yi sumul, ya ɗiga gam da tsinken tsintsiya, ya manna, ya riƙe, bakinsa yana motsi yana ƙirga. Tayoyin kaɗai mako guda suka ci, don kowace taya gida biyu ce. Sarƙar da ke zagaye tayoyin kuwa, ɗaya bayan ɗaya ake jona ta, kamar mai shirya tsakiya a zare. Ni dai ina wucewa da ruwa, ina wucewa da itace, ina kallon ƙaton namiji da kafaɗu kamar ƙofar zaure ya duƙufa a kan abin da ko yaro ba zai daɗe a kai ba. Abin ya ɗaure mini kai, wallahi.

Wata safiya kazata, mai yi mini ƙwai, ita kaɗai ta rage mini, ta zo tana kiwo ta tsince wani ɗan guntu daga faifan. Ban taɓa ganin mutum ya miƙe da sauri irin haka ba. Ya bi ta bayan rumbu, ya bi ta cikin turken awaki, ya cafko ta. Kafin in ce wani abu ya kai wa Baba ya yanka. Ya tsaga jakar wuyanta, inda tsaba ke taruwa, ya ciro abinsa ya wanke ya goge da bakin riga. Na ce, "Malam, kazar tawa?" Ya ce, "Yi haƙuri, fitila ce." Wai fitilar tanka! Naman da muka ci ke nan a daminar nan kaf, kuma ina ci ina hawaye, don haushi da kuma daɗin romon.

Bayan shuka da kwana tara ruwa ya ɗauke, irin na bana sak. Rana ta buɗe kamar ana hura ta. Ganyen gero ya nannaɗe ya koma kamar tsinke, ƙasa ta yi fari ta tsattsage. Da hantsi in ka taka tsakar gida ba takalmi sai ka yi rawa. Rijiyarmu ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, ruwan ya zo ja da laka, mu ajiye shi ya kwanta. Rumbu kuma ya yi ƙasa. Inna ce ke shiga, ta daina bari in leƙa, amma ina jin yadda muryarta ke amsa kuwwa daga ciki na san saura kaɗan. Muka koma tuwo sau ɗaya, da yamma. Da rana kwaɗon tafasa ne ko rama, da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri da barkono. Tafasa tana cika ciki amma ba ta zama, kafin la'asar yunwa ta dawo. Nonona ya ragu, Ladi ta ja ta ja ta saki ta tsala ihu.

Maza suka fita roƙon ruwa bayan gari, suka juya rigunansu, muna jin addu'arsu daga gida. Kofur bai je ba, ranar yana jona sarƙar hagu.

Nan fa magana ta tashi a gari. Matan da nake haɗuwa da su a rijiya suka ce ai warin gam ɗin nan har waje ake jinsa, sholisho yake shaƙa, haka sojoji suke dawowa. Wasu suka ce iskokin bakin teku ne suka biyo shi, su suka sa shi yi musu mota. Inna ta karɓo rubutu, ta karɓo turaren hayaƙi, ta cika masa rumfa da hayaƙi har ni na fara tari. Ya karɓi rubutun da hannu biyu ya shanye ya ce, "Na gode, Inna, Allah ya saka." Ya koma kan faifai. To wannan shi ne abin da ya fi rikita ni. Da zage-zage yake yi, ko yana yaga riga, da na san hauka ne in kama kuka. Amma mutum ne da sallarsa a kan lokaci, gaisuwarsa daidai, tuwonsa ma rabi yake ci ya turo mini saura ya ce saboda yarinya. Wani lokaci ya ɗora Ladi a cinya ya riƙe mata hannaye kada ta taɓa. Lafiyarsa ƙalau, sai dai ba ya tare da mu. In yi fushi ne, in ji tausayi ne, in koma gidanmu ne, ban sani ba. Duka ukun nake yi kafin azahar.

Sai da aka yi kwana ashirin da wani abu sannan ruwa ya dawo, ya dawo kuma da ƙarfinsa. Geron da muka fid da rai da shi ya warware ya miƙe. Amma ciyawar harƙiya ta riga shi miƙewa. Cikin mako guda gonarmu ta zama kore shar, ba ka gane layin shuka. Kowa ya shiga noman firi, noman farko ke nan da ake ceto shuka daga ciyawa, wanda in ya wuce lokacinsa to sai dai a yi wa dabbobi girbi. Baba ya ɗauki fartanya ya yi kunya biyu, aka dawo da shi a kafaɗa. Kofur ba shi da ɗan'uwa namiji, ƙannensa mata ne suna gidajensu. Abincin shekararmu yana cikin ciyawar nan yana shaƙewa.

Baba ya aika aka kira Sarkin Noma, shi ne mai tara maza in za a yi gayya. Suka zauna a zaure, ni ina bayan zana ina tankaɗe, kunnena yana wajensu.

Sarkin Noma ya ce, "Baba, da gonar gwauruwa ce ko ta majinyaci, wallahi ba sai ka kira ni ba. Amma samarin nan sun ce ba za su bar nasu noman su zo su yi wa ƙato aiki yana inuwa yana wasan yara ba. Ka san yadda abin yake, mai gona shi ke sara kunyar farko. Ya fito ya sara, ko da sara uku ne ya koma gefe ya zauna, sauran namu ne. In bai fito ba, kada a wahalar da mata da girki."

Aka sa ranar Asabar.

A lokacin tanka ta kusa kammaluwa. Gaskiya ta yi kyau, ba zan hana ta ba. Kanta yana juyawa, bindiga ta miƙe sambal, har da ɗan shebur da gatari manne a gefenta. Na leƙa kwalin na ga sandunan duk sun zama fayau, saura abu ɗaya tak a faifai: wani ɗan murfi kamar farcen babban yatsa, na wata 'yar ƙofa da ke gaba, ƙasan bindiga. Na ce alhamdu lillahi, yau za a gama. Litinin ce.

Ya ɗauki murfin da matsefata, ya ɗora a kan ƙofar, ya zauna daram. Ya dube shi. Ya cire. Ya ajiye. Bai taɓa gam ba. Talata haka, ya ɗora ya cire. Laraba haka. Mutumin da ya jona sarƙa ɗaya bayan ɗaya bai gaji ba, ga shi ya tsaya a kan abin da ko ni zan manna kafin in ƙifta ido.

Ranar Laraba da yamma haƙurina ya ƙare. Na durƙusa ta wajen kunnensa mai ji.

"Malam, don girman Allah me ya rage?"

"Murfi."

"To ka sa mana."

"Takarda ta ce a rufe shi da gam."

"To ka rufe!"

Ya sake ɗora murfin, ya sake cirewa.

"In ba ka so, ka bar shi haka, ka ce ka gama. Wa zai duba?"

"Takarda ta ce a rufe."

"Haba Malam! Takarda ce za ta ci da mu? Gata fa Asabar. Ka dubi Baba, ka dubi 'yarka, wuyanta kamar zare!"

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Na sani, Hajara." Shi ke nan abin da ya ce. Na tashi na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ɗora tafasa.

Ranar Alhamis Inna ta fito da damin dawa daga rumbu, ta bar murfin rumbun a buɗe, na gane na ƙarshe ne. Na ce, "Inna, in ba su zo ba fa?" Ta ce, "In ba mu dafa ba kuma suka zo fa? Ɗauko taɓarya." Muka sussuka, muka sheƙe, muka surfa.

Ranar Juma'a Baba ya yi dabara. Ya ce shi ba zai iya kai kansa masallacin Basirka ba sai da wanda zai dafa, kuma ba zai dafa ɗan wani ba yana da nasa. Kofur ya tashi. Ya kife kwali a kan tankar da faifan a ƙarƙashin rumfa, ya ɗora dutse, ya ce kada kowa ya taɓa.

Suna fita ba da jimawa ba hadari ya taso ta bayan duwatsu. Iska ta fara zuwa, mai sanyi, da ƙamshin ruwa, sai kuma ta haukace. Ga garin gayya na baza a tabarma, ga Ladi tana ihu, ga awaki suna neman tsinke igiya, ga itacen girki a fili. Na kwashi wannan na kwashi wancan. Sai da ruwa ya kece kamar ana juye tulu sannan na ga zanan rumfa ya tashi sama ya faɗa gidan maƙwabta. Na shiga uku, tanka!

Na same ta a cikin ruwan laka, kwali ya narke ya zama kamar tuwo, takardar ta manne a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, na tsaya a kanta cikin ruwan nan, ƙafata ta ɗaga da kanta. Na ce in taka ta in huta, in ce iska ce. Ban san abin da ya hana ni ba. Na sunkuya na ɗauke ta, na lalubo ɗan murfin a cikin laka, na ruga madafa.

Ruwa yana ƙugi a cikinta in an girgiza. Inna ta ce, "Maza shanya ta kafin ya dawo." To a ina? Rana babu. Mu kuwa a gidanmu, duk abin da ya jiƙe da damina wuri ɗaya ake kai shi: bakin murhu. Gishiri in ya yi ruwa, ashana, zanen goyo, daddawa, can ake ajiye su. Ga babban murhu mun hura muna dafa ƙullun furar gayya, wuta tana ci sosai. Na samo tsingaro na ɗora tankar na matsa da ita kusa don ta yi saurin bushewa. Ɗan murfin kuma, don kada ya ɓace, na ɗora shi a kan dutsen murhu inda idona zai gan shi. Har ina jin daɗin kaina, na koma kan turmi.

Wari ne ya dawo da ni. Hancin bindigar ya yi laushi ya sunkuya kamar kuɓewar da ta kwana. Gefen da ke kallon wuta ya lotsa, sarƙar ta saki. Murfin kuwa ya nannaɗe ya koma kamar ɓawon gyaɗa. Na fizge su na jefa a ruwan sanyi, suka sandare a yadda suke.

Ni Hajara, na kashe kaina. Aikin wata biyu da rabi. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Ki ce ruwa ne." Na ce, "Inna, ruwa yana ƙona abu?" Na shiga ɗaki na ƙulle zannuwana biyu, na kwance, na sake ƙullewa. Tunanina ɗaya: mutumin da ya sa aka yanka kaza saboda fitila, me zai yi yau? In kuma bai yi mini komai ba, ya zauna ya ƙi tashi har abada fa? Ga fura an dafa, ga rumbu fayau.

Sun dawo gab da magariba, a jiƙe sharkaf, ruwa ya tsagaita. Ya zaunar da Baba, ya dubi inda rumfa take, ya dube ni. Na ɗauko tankar a faifai na ajiye a gabansa na durƙusa.

"Ruwa ya dake ta. Na kai ta bakin murhu ta bushe. Ni ce, ba kowa ba."

Ya tsuguna. Ya taɓa hancin bindigar. Ya shafa gefen da ya lotsa. Sai ya ɗauki ɗan murfin, da yatsunsa, ba matsefata, ya ɗora a kan ƙofar. Murfin ya zauna a karkace, bakinsa a ɗage. Ya danna, ya ɗago. Ya juya shi ya sake dannawa, ya sake ɗagowa. Ni dai na rufe ido ina jiran abin da zai biyo baya.

Sai na ji ya ce, a hankali, "Ba ya rufuwa."

Na ce, "Ka yafe mini."

Kamar bai ji ba. Ya ce, "Ko takarda ta ce a rufe, ba ya rufuwa." Ya zauna daɓas a cikin laka, da rigar Juma'arsa. Ya fara magana, ba da ni ba, ba da Baba ba, da tankar yake yi.

"Ta Iliya ce. Shi ne direbanmu. Shi ya saya a wani kanti a can, ya ce in mun dawo zai haɗa ya nuna wa tsohuwarsa inda yake zama. Nan yake zama." Ya sa yatsa a 'yar ƙofar. "Mu huɗu ne. Ni ina sama, rabin jikina a waje, shi ya sa da bam ya tashi da mu aka cillo ni gefe. Na hau na ja murfinsa. Na ja. Ina jin yana bugawa daga ciki. Ya ƙi buɗewa."

Inna ta toshe baki da mayafi. Baba yana ta salati ƙasa-ƙasa. Kofur ya ce in miƙo masa gam, yana cikin aljihun rigar da ke rataye a ɗaki. Ya ɗiga a gefe guda, ya manna murfin yadda yake, a ɗage, ya riƙe yana ƙirga, ruwa yana zuba daga idonsa yana bin gemu. Da ya gama ƙirga ya miƙa mini ita ya ce, "Ajiye." Ya tashi ya yi alwala.

Da asuba ina dama fura na ji ƙarar ƙarfe a kan dutse a bayan ɗaki. Na leƙa, shi ne yake wasa fartanyar Baba.

Maza sun zo, sun fi ashirin, da mai gangar noma. Ina tafe da ƙwaryar fura a ka na hango shi a bakin gona. Da mai ganga ya yi bugun farko Kofur ya zabura ya duƙe ya rufe kai da hannu. Na ce shi ke nan. Sarkin Noma ya ɗaga wa mai ganga hannu ya tsaya, ba wanda ya yi dariya. Can sai ya miƙe, ya tofa yawu a tafinsa, ya sara. Bai tsaya a sara uku ba. Noman nasa kuwa abin kunya, rabin abin da yake sarewa gero ne, har Sarkin Noma ya ce, "Kofur, ciyawar ce abokiyar gaba, geron namu ne!" Kafin azahar hannunsa ya yi bororo ya fashe. Kafin la'asar an gama gonar, an shanye furar tas. Mako shida muka yi a kan tafasa da abin da ƙannensa suka aiko kafin sabon gero ya nuna, amma ya nuna.

Ba zan ce ya warke ba. Har ya tsufa in aka yi tsawa sai ya nemi bango ya jingina. Amma ya yi noma shekara ashirin da bakwai, bai sake tambayar tankar ba, bai sake ambaton Iliya ba. Yanzu gonar tana hannun 'ya'yan ƙanwarsa, magani suke fesa wa ciyawa, mutum ɗaya da tulun feshi a baya ya gama kafin hantsi, ba ganga ba fura. Ni kuma har yau ban san me na yi ba a ranar nan. Ɓarna na yi, ko gyara? Da na taka ta a cikin ruwa fa? Da Inna ba ta ce in shanya ba, zai ta ɗorawa yana cirewa har gero ya mutu? Na nemi yafiya bai amsa ba, bai kuma taɓa ce mini ya gode ba. Sau da yawa na yi niyyar tambayarsa, sai in ga yana cin tuwonsa lafiya, in fasa.

Duk wannan bai fi ƙiftawar ido ba a raina, Ladi tana tsaye da tankar tana hure mata ƙura. Ta ce, "Ai kuwa da an sa mata gam mai ƙarfi za ta gyaru. Kin ga ma murfin nan bai rufu ba." Ta ɗora babban yatsanta a kai za ta danna.

Ban san lokacin da na buge mata hannu ba. Mace mai 'ya'ya huɗu, na buge ta kamar 'yar yaye.

"Cire hannunki! Akwai mutum a ciki."